Yaro ya samu jami'a, uwa ta kasa barci: amsoshin wasiƙunku

Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, saƙonnin da ke shigo mini sukan sauya kama. Ciwon gwiwa da hawan jinin dattawa su ja da baya, a koma maganar yara: wanda zai bar gida, wanda ya bari ya kasa sakewa, da wanda ake ganin ya ƙi girma. Na zaɓo biyar a wannan karon. Na cire sunaye, na kuma taƙaita wasu, don akwai baiwar Allah da ta cika mini shafi uku.

Wata uwa daga Shari'a Mansur, Makka: "Likita, ɗana mai shekara 18 yana da sikila, SS ne. An ba shi gurbin karatu a Abha. Tunda na haife shi bai taɓa kwana uku ba a gabana ba. Ni ke ba shi magani, ni ke tuna ranar asibiti. Babansa ya ce a bar shi ya tafi, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Me kika gani?"

Hajiya, kada kowa ya ce miki rashin tawakkali ne. Tsoronki yana da tushe, wataƙila fiye da yadda kika sani. Makka tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba, Abha kuwa tana bisa dutse, ta haura mita 2,200. A can, duk numfashin da mutum ya ja yana shigar masa da oksijin ƙasa da wanda ya saba samu a nan. Mai sikila kuma abin da ke lanƙwasa masa ƙwayoyin jini su koma kamar lauje har su toshe ƙananan jijiyoyi shi ne ƙarancin oksijin, da ƙishirwa, da sanyi, da zazzaɓi. Abha ta haɗa biyu daga ciki, domin a hunturu sanyin darenta kan sauko ƙasa da digiri 10, abin da ɗan Makka bai saba ba.

Duk da haka ban ce kada ya tafi ba. Kudu maso yammacin ƙasar nan ta Saudiyya, wajen Jazan da Asir, lardin da Abha take ciki, yana cikin inda sikila ta fi yawa, tare da Ahsa da Ƙaɗif a gabas. Likitocin can sun san ciwon ciki da bai, ba baƙonsu ba ne. Wanda zai yanke hukunci shi ne likitan jinin da ke duba yaron, kuma a je masa tun kafin a ɗaure kaya. Idan yaron ya sha kwanciya saboda ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko an ce huhunsa ko zuciyarsa sun taɓu, to ni ma zan fi son a karɓi takardar likita a nemi a mayar da shi Jidda ko nan Makka. Idan kuwa ciwon nasa mai sauƙin tashi ne, yana shan maganinsa, ana iya tafiya da shiri.

Amma bari in gaya miki abin da ya fi dutsen tayar mini da hankali a wasiƙarki: "Ni ke ba shi magani." Yau da daddare ki zaunar da shi ki tambaye shi sunan magungunansa, da nawa yake sha, da yawan jininsa a ranar da yake lafiya lau, da rukunin jininsa, da yaushe aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe. In ya amsa, alhamdu lillahi. In ya juyo yana kallonki, to aikin da ya rage kafin tafiya ke nan. Na ga samari da yawa a ɗakin gaggawa, ƙato da gemunsa, ana tambayarsa wane magani yake sha yana laluben waya zai kira Umma. Ba laifinsu ba ne, ba a taɓa miƙa musu ragamar ba. Shekara 18 kina riƙe da ita, kin kuma riƙe da kyau, shi ya sa ya kawo yau. Yanzu ki sa shi ya riƙa ɗaukar maganinsa da kansa kina kallo daga nesa, shi zai kira asibiti, shi zai yi wa likita bayani a ganawa ta gaba, ke ki yi shiru ko da bakinki na ƙaiƙayi.

Ya tafi da taƙaitaccen bayanin ciwonsa a rubuce, ɗaya a jaka ɗaya a waya. A buɗe masa fayil a asibitin can tun yana lafiya, ba sai ranar da ciwo ya tashi ba. In yana kan haidroksiyuriya, maganin rage tashin ciwon sikila, gwajin jinin da ake yi masa lokaci-lokaci ba ya tsayawa don an canza gari. A duba katin rigakafinsa, musamman na sanƙarau da na ciwon huhu da na mura ta shekara-shekara, don ɗakin kwanan ɗalibai matattarar tari ce. Gorar ruwa ta zama kamar wayarsa. Rigar sanyi ta gaske, ba ta ado ba. Kada ya kwanta mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na busa shi kai tsaye, kada abokai su ja shi wanka a ruwan sanyi, kuma makon farko ya bi a hankali, ba ranar da ya sauka zai bi su hawan dutsen Suda ba.

Abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: zazzaɓi da ya kai 38.5, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon kai mai tsanani da bai saba ba, da ɗashewa farat ɗaya tare da jiri. Lambar motar asibiti 997 ce. Abokin ɗakinsa ya san wannan, ko da yaron ba ya son a san ciwonsa; mutum ɗaya ya isa. Akwai kuma wanda ba zai taɓa gaya miki ba, wato miƙewar gaba mai ciwo da ta ƙi kwanciya. In ta kai awa biyu asibiti ake tafiya, domin jinkiri na iya lalata wajen har abada. Wannan ki bar wa babansa ya faɗa masa, namiji da namiji.

Tunda ana maganar, ƙannensa da yayyensa kowa ya san nasa rukunin, AA ne ko AS. Gwajin kafin aure da hukuma ta wajabta tun 2004 abu ne mai kyau, sai dai yakan zo bayan zukata sun riga sun ƙullu, an kai kuɗi, dangi sun ji. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS.

Wani ɗalibi a Madina: "Na zo daga Gusau wata biyu da suka wuce, ina ma'ahadin koyon Larabci. Shekarata 19. Ba na iya barci sai bayan Asuba, ina makara aji, zuciyata na bugawa da ƙarfi. Ina shan lemon ƙara kuzari gwangwani uku a rana don in iya haddace darasi. Wani lokaci sai in tsinci kaina ina kuka ba dalili. Ina jin kunyar faɗa, don a gida kowa cewa yake na dace, ina birnin Manzo. Abokina ya ce bakin mutane ne."

Ɗana, mu fara da gwangwanin, don shi ne mai sauƙin kamawa. Ƙaramin gwangwani na mililita 250 yana ɗauke da sinadarin kafin, mai hana barci, kusan miligiram 80. Uku sun zama 240, ban da shayi da gahawa da na tabbata ba ka ƙirga ba. Jiki kuma yana ɗaukar kamar awa biyar kafin ya rage rabin abin da ka sha. Wanda ka kurɓa ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 rabinsa na nan yana yawo a jininka. Ga bugun zuciyar, ga rashin barcin. Sai ka tashi a gajiye, ka sake buɗe wani. Ba a banza hukumar ƙasar nan ta hana tallarsa da sayar da shi a makarantu tun 2014 ba, ta kuma ɗora masa harajin kashi 100 cikin 100 a 2017. Kada ka yanke shi rana ɗaya, ciwon kai zai hana ka sakat. Ka rage gwangwani ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu, kuma daga La'asar kada wani abu mai kafin ya shiga bakinka.

Ga wani abu da na san yana faruwa ko da ba ka rubuta ba. Agogon Najeriya yana bayan namu da awa biyu. Lokacin da mutanen gida suka ci tuwo suka natsu suka ɗauki waya, ƙarfe 10 a wajensu, kai sha biyun dare ne. Hira ta yi daɗi, ɗaya ta yi, biyu ta yi, sai ka ce bari kawai in jira Asuba. Ka roƙe su a mayar da kiran bayan Magariba ta nan, ko a ware ranar Juma'a. Mai shekarunka yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara, kuma haddar da kake wahala a kanta a cikin barci take zama a ƙwaƙwalwa. Wanda ya kwana yana maimaitawa bai runtsa ba, kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Bayan Isha da awa ɗaya ko biyu ka kwanta, waya nesa da gado. Bayan Asuba ka fita ka ga hasken safiya ko na minti ashirin ne, shi ke saita agogon jiki. In barci ya matsa, ƙailula ta rabin awa bayan Azahar, kada ta zarce. Mako biyu na farko za ka ji jiki, daga nan ya daidaita.

Kukan kuwa, sunansa kewa, kuma ba ka fi waɗanda suka riga ka ba. Nana A'isha ta ba da labarin yadda Sayyidina Abubakar da Bilal suka kwanta zazzaɓi farkon zuwansu Madina, Bilal yana rera baitocin begen kwarurukan Makka da ruwayenta, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. In Bilal ya yi kewar gida a garin nan, ɗan Gusau ba shi da abin jin kunya. Ka bar mahaifiyarka, da harshenka, da abincin da cikinka ya sani, ka zauna aji ana magana rabi na wuce ka. Nemi 'yan uwa da suka shekara biyu ko uku a nan, suna da yawa, ku ci abinci tare. Cin abinci kai kaɗai a ɗaki yana ƙara abin.

Sai dai akwai iyaka tsakanin kewa da ciwon damuwa, kuma ina so ka san ta. In ka yi mako biyu cur kusan kullum zuciya a cushe, abin da ke faranta maka a da ya daina, abinci ya fita ranka, kana ganin kanka ba ka da amfani, wannan ciwo ne mai magani, kuma a irin shekarunka ya fi fara bayyana. In tunanin cutar da kanka ko gwamma mutuwa ya taɓa zuwa maka, a ranar za ka gaya wa wani, ka je asibiti, ko ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya da ke aiki dare da rana. Azkar da addu'a ka riƙe su da kyau, ba su hana ganin likita, kamar yadda ba su hana mai karaya zuwa ɗori. Ka je asibitin jami'a a auna yawan jininka da tayirod, wato halittar da ke gaban wuya mai saita bugun zuciya da kuzarin jiki, a saurari zuciyar. In zazzaɓi ya zo maka a 'yan watannin nan, ka faɗa da bakinka cewa daga Najeriya ka zo a duba maleriya, domin likitan nan ba ita ce ke fara zuwa masa a rai ba.

Wani uba daga Jidda: "Yarona ya cika 14, duk 'yan ajinsu sun fi shi tsawo, muryarsa ba ta buɗe ba, ga nononsa ɗaya ya kumbura yana masa zafi. An ce akwai allurar tsawo. A ina ake samu?"

Alhaji, a dakata da allura tukuna. Balagar namiji tana farawa ne tsakanin shekara 9 da 14, kuma alamarta ta farko ba murya ba ce, ba gemu ba, girman 'ya'yan maraina ne, abin da uba ba ya gani. Tsawo da murya daga baya suke zuwa. Kumburin nonon da ya tsorata ka, sau da yawa shi ne shaidar cewa aikin ya kankama. Kusan rabin samari suna yin sa, yakan baje da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Kada a matsa, kada a ɗaure, kada a bari 'yan uwansa su mayar da shi abin tsokana.

Ka tambayi kanka yaushe ka yi naka tsawon, a tambayi mahaifiyarsa yaushe ta fara al'ada. Jinkirin balaga gado ne a gidaje da yawa, kuma irin waɗannan yaran sukan kamo tsaransu daga baya. Ga lissafin da muke yi: tsawon uba da na uwa a haɗa, a ƙara santimita 13, a raba biyu. Uba mai 170 da uwa mai 158, ana sa ran ɗansu ya tsaya kusa da 170, da ɗan sama ko ƙasa. Tunda ya kai 14, ya dace likitan yara ya duba shi, ya ɗauki hoton ƙashin hannu don a ga shekarun ƙashinsa, a auna jini. In an samu dalili, akwai magani. Allurar da ake saya a bayan fage kuwa, musamman irin ta masu ɗaga ƙarfe, tana iya rufe bakin ƙashi da wuri, yaron da ake so ya yi tsawo ya tsaya inda yake.

Wata ɗaliba 'yar shekarar farko, Jidda: "Ƙuraje sun cika mini fuska tunda na fara jami'a. Ƙawata ta ba ni wani haɗin mai, fuskata ta yi haske da santsi, amma da na daina sai suka dawo fiye da da. Kuma kullum a gajiye nake, ina jin jiri in na hau bene, ina son tauna ƙanƙara."

'Yata, haɗin nan da ake zubawa a kwalba babu suna babu takarda, ki jefar. Mafi yawansu akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, wasu da sinadarin bilicin, wasu har da zaiba. Sitiroid ne ke ba da santsin makon farko, sannan ya sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi da nankarwa, ya ƙara ƙurajen, in an daina fuska ta yi bore. Abin da kika gani ke nan. In kin daɗe kina shafawa, likitan fata ya taimaka miki wajen janyewa.

Ƙurajen balaga ba ƙazanta ba ce, sinadaran girma ne ke sa fata yawan maiƙo ƙofofinta su toshe. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi ya isa, dirza tana ƙara su. Benzoyil feroksaid ko adafalin, da ake samu a kemis, suna aiki, amma sai an ba su mako takwas zuwa sha biyu, kuma a nan yawancinku ke karaya. Kada ki matse. A fatarmu baƙar fata, tabon da matsa ke bari ya fi ƙurjin daɗewa. Ƙwayar isotiretinoyin da za ki ji 'yan mata na yabo tana da ƙarfi ƙwarai, amma sai da likita da gwajin jini, kuma tana nakasa ɗan tayi, don haka mai shirin aure ta faɗa tun farko.

Ni dai ƙanƙarar ce ta fi jan hankalina. Kwaɗayin tauna ƙanƙara ko farar ƙasa, tare da gajiya da jiri, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce a jini. Ba ki ce komai kan al'adarki ba, to ni na tambaya: tana wuce kwana bakwai? Kina canza auduga duk awa ɗaya ko biyu? Akwai gudaji? In eh, ga inda jinin ke tafiya. Ki je a auna yawan jini da feritin, wato ma'ajiyar ƙarfen. Mace in yawan jininta ya gaza 12 ana kiransa ƙarancin jini. A haɗa da bitamin D, don duk ranar da ke garin nan yawancinmu daga gida sai mota sai aji, ba ta taɓa mu. In an ba ki ƙwayar ƙarfe, kada ki kora ta da shayi ko madara, suna hana ta shiga jiki, ruwan lemon zaƙi ya fi. Za ta baƙanta bayan gida, ba komai ba ne. Ki ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya dawo daidai. Karin kumallo kuma ba biskit da kofi ba ne: ful da tamis, wato wake da gurasa, ƙwai, hanta, ko zogale in Umma na da shi.

Wata yaya daga Makka: "Na ga wasu ƙwayoyi a aljihun ƙanena da ke shekara ta biyu a jami'a, masu zanen jinjirin wata biyu. Lokacin jarrabawa yakan kwana biyu bai yi barci ba, ya rame, ga saurin fushi. Ban gaya wa kowa ba."

Abin da kika kwatanta ya yi kama da kaftagon. Asalinsa magani ne da aka ƙirƙiro a Jamus a 1961, aka haramta shi a shekarun 1980. Wanda ke yawo yanzu na bayan fage ne, amfetamin ne gauraye da kafin da duk abin da mai haɗawa ya ga dama. Yara na fara shi ne da sunan karatu. Yana hana barci, amma ba ya sa abin da aka karanta ya zauna, kuma ƙarshensa zargin mutane, jin muryoyi, hawan jini da bugun zuciya, sai baƙin ciki mai nauyi in ya sake shi.

Wannan ba sirrin da za ki riƙe ke kaɗai ba ne. Akwai cibiyoyin Irada na gwamnati da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, 937 za su nuna miki mafi kusa. Dokar ƙasar nan ta kuma bambanta mai sayarwa da mai sha da ya kawo kansa, ko danginsa suka kawo shi neman magani ya miƙa abin da ke hannunsa. Irin wannan magani ake yi masa. In ya fara maganganun da ba kan gado, ko ciwon ƙirji, ko barazanar cutar da kansa ko wani, ɗakin gaggawa ne nan take.

Ki nemo mutum ɗaya a gidan da yake jin nauyinsa kuma ba mai saurin hannu ba, baba ne ko kawu. Kada a tara masa dangi, kada a fara da duka ko gori. Kuma kada ku tare shi a kwanakin da idonsa ke bushe. Ku bari sai ya yi dogon barcin nan da ke biyo baya, ya tashi ya ci abinci, sannan a rufe ƙofa a ce masa an ga ƙwayoyin.